RININ SHEKARU DA RININ HANNU: ALGUS A KASUWAR TSOFAFFIN SULALLA



Wani ɗan'uwa daga cikin masu karanta wannan mujalla, wanda neman ilimi ya kai shi ƙasar Amurka, ya aiko da wata tambaya wadda da farko na ɗauka ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Ya ce yana ɗan taɓa aiki a shagon wani mai sayar da tsofaffin sulalla domin ya sami abin biyan haya. Aikinsa shi ne jera kaya da ɗaukar hotonsu da aika wa masu saye. To, sai kwanan baya maigidan nasa ya ƙara masa wani aiki, watau ya riƙa ɗaukar dalolin azurfa farare yana sa su cikin wani akwati tare da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, bayan ɗan lokaci ya fito da su sun yi launi irin na bakan gizo. Daga nan a ɗauki hotonsu a kai kasuwa, ba tare da an ambaci akwatin ba. Da ya nuna rashin natsuwa sai maigidan ya ce masa ai ba a rage azurfar ba, ba a canza shekarar da ke jiki ba, ba a yi wa kowa ƙarya ba, kuma abin da akwatin ya yi cikin sa'a guda shi ne dai abin da iska take yi cikin shekara tamanin. Ɗan'uwan yana tambaya, shin ya ci gaba ko ya bari, alhali in ya bari ba shi da tabbacin samun wani aikin?

Da na zauna na duba sai na ga hujjar maigidan nan ba ta wasa ba ce, kuma irinta ce ake ji a bakin 'yan kasuwa da yawa waɗanda ba su taɓa ganin dalar azurfa ba. Malamai sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa, saboda haka bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai.

MENE NE WANNAN LAUNI?

Azurfa ba ta tsatsa kamar baƙin ƙarfe, amma tana dafewa. Duk wadda ta taɓa ajiye munduwa ko zoben azurfa a ƙasan adaka ta san haka. Abin da ke jawo wannan shi ne farar wuta, wadda ake samun ɓurɓushinta a cikin iska da takarda da yadi da gumin hannu. Idan ta haɗu da azurfa sai su haifar da wata 'yar fata a saman ƙarfen, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Idan haske ya sauka, wani ya komo daga saman fatar, wani ya ratsa ta ya komo daga jikin azurfar, to haɗuwar biyun ita ce ke ba ido launi, kamar dai yadda ake ganin launuka a kan ruwan da fetur ya ɗiga a ciki. Launin yana bin kaurin fatar ne. Tana siririya ƙwarai sai a ga rawaya, ta ƙara kauri a ga ruwan goro, sannan shunayya da shuɗi, sannan launukan su sake zagayowa har da kore. Daga ƙarshe idan ta yi kauri sosai sulen ya koma baƙi ƙirin, ƙyallinsa ya mutu. Watau abin da ake kira ado a nan, a haƙiƙaninsa matakin farko ne na lalacewa.

Sulen da wannan magana ta fi shafa shi ne dalar Morgan. A shekarar 1878 majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka da ta tilasta wa Baitulmalin ƙasar sayen azurfa ta dala miliyan 2 zuwa miliyan 4 kowane wata a buga ta kuɗi, don daɗaɗa wa masu haƙar azurfa na yammacin ƙasar. Wani Baturen Ingila mai suna George Morgan ne ya zana ta, nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Amma jama'a sun fi son kuɗin takarda saboda nauyi, don haka miliyoyi daga cikinta ba su taɓa shiga hannun kowa ba. Aka ɗura su dubu-dubu cikin buhunan yadi mai kauri, aka jibge a ɗakunan ajiya. Daga 1918 aka narkar da fiye da miliyan 270. Sauran suka ci gaba da kwanciya har zuwa tsakanin 1962 da 1964, lokacin da farashin azurfa ya tashi, mutane suka yi layi a ƙofar Baitulmali a Washinton suna canjin takarda da buhuna. Abin da ya rage, kusan miliyan 3, gwamnati ta sayar wa masu tarawa tsakanin 1972 da 1980.

Da aka kwance bakin buhunan nan sai aka tarar mafi yawan dalolin farare ne tas kamar ranar da aka buga su, amma waɗanda suka jingina da jikin buhun, saboda farar wutar da ke cikin yadin, sun yi launuka masu ban mamaki. Wasu har zanen saƙar yadin ya fito a fuskarsu. Wasu launin ya zo kamar jinjirin wata, domin wata dalar ta rufe sauran fuskar. Wannan shi ne abin da zan kira rinin shekaru. Ba wanda ya yi shi da niyya, kuma ƙalilan ne suka same shi a kowane buhu.

Abin dariya a nan shi ne, a shekarun 1960 da 1970 yawancin masu saye farin sule suke so. Dillalai suka riƙa tsoma masu launi cikin ruwan sinadari suna wanke su. Da ra'ayin kasuwa ya juya, sai ya zama dalar da aka buga a San Faransisko a 1881, wadda aka yi guda 12,760,000 kuma ba wuyar samu gare ta ba, idan tana da launin bakan gizo mai kyau tana iya ninka farashin fara 'yar'uwarta sau goma ko fiye a wurin gwanjo. Ko shakka babu, inda aka sami irin wannan rata tsakanin farashi biyu, to za a sami mai neman gajeriyar hanya. Hannun da jiya yake wanke launi, yau shi ne yake sa shi. Akwai mai amfani da hayaƙin farar wuta, akwai mai gasawa da wuta, akwai mai shafa sinadari, akwai ma mai rufe sule tare da dafaffiyar gwaiduwar ƙwai. Wannan shi ne rinin hannu. A can suna yi wa masu wannan sana'a laƙabi da likitocin sulalla, kuma ba yabo ba ne.

Domin kare masu saye aka kafa kamfanonin tantancewa, manyansu su ne PCGS a 1986 da NGC a 1987. Mutum zai aika musu sule, su duba, su ba shi maki a kan ma'aunin 1 zuwa 70 wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949, su rufe shi cikin gidan roba da lamba. Idan suka ga launin na hannu ne, ko suka yi shakkarsa, sai su hana shi maki su rubuta dalili a jikin gidan, kuma farashinsa ya faɗi warwas. Suna lura da ko launukan sun bi jerin da aka sani, ko sun zauna cikin ƙarfen ko kuwa suna yawo a sama kamar fenti, ko sun bi ta kan haruffa da ramuka bai ɗaya ba tare da bambanci ba. Duk da haka ana wuce su. A 2010 har PCGS ta kai wasu dillalai ƙara kotun tarayya bisa zargin gyara sulalla a ɓoye, kuma ƙungiyar manyan dillalan ƙasar, PNG, sai a 2012 ta iya tsayar da ma'anar abin da za a kira gyaran sule, bayan mambobinta sun yi watsi da ma'anar farko.

HUJJAR MAIGIDA DA AMSARTA

Hujjarsa ta farko ita ce bai yi ƙarya ba. To, ya ɗan'uwa mai karatu, algus a shari'a bai tsaya ga harshe ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin da kowane ɗalibi ya sani, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai abincin ya ba da hanzarin ruwan sama. Annabi (S.A.W.) ya nuna masa cewa kamata ya yi jiƙaƙƙen ya kasance a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Abin lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Laifinsa duka shi ne yadda ya tsara abin da idon mai saye zai fara gani.

Hujja ta biyu ita ce mai ƙarfin, watau cewa sinadarin ɗaya ne, ko iska ta kawo shi ko akwati. Ni a ganina babu abin da ya fi dacewa da wannan irin mas'alar tasriya, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito hani a kanta. Tasriya ita ce mutum ya ƙi tatsar akuyarsa ko raƙumarsa kwana biyu ko uku kafin ranar kasuwa, don hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka haka take ba da nono kullum. A duba da kyau. Nonon nan na dabbar ne, ba a zuba masa ruwa ba, ba a ɗauko shi daga wata dabba ba, kowane ɗigo nasa halittar Allah ne. In da za a kai shi ɗakin bincike ba za a sami komai ba. Amma duk da haka shari'a ta hana, ta kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino, kuma a wata ruwaya ta Muslim an ba shi kwana uku. Me ya sa? Domin abin da aka ha'inta shi ne lokaci. An nuna nonon kwana uku a matsayin na kwana ɗaya. Mai akwati kuwa ya nuna launin sa'a ɗaya a matsayin na shekara tamanin. Ɗaya ya taƙaita lokaci, ɗaya ya miƙar da shi, amma ƙaryar iri ɗaya ce, kuma ba da baki aka yi ta ba.

Malaman fiƙihu sun ba wannan suna, suka ce ruɗi ne da aiki. Shehu Halilu a Muhtasar ya sa shi daidai da sharaɗin da aka furta, ya ba da misali da wanda ya shafa tawada a rigar bawansa don a zaci marubuci ne. Imamu Nawawi a Minhaj ya kawo misalin mai tare ruwan da ke juya dutsen niƙa, ya sake shi lokacin ciniki don a ga kamar ƙarfinsa ke nan kullum, ya ce wannan yana ba mai saye zaɓi. Gaskiya ne Shafi'iyya ba su ba da zaɓi a mas'alar tawada ba, domin suna ganin mai saye ne ya yi sakaci da bai jarraba bawan ba. Amma wannan sassauci ba zai amfani mai akwati ba, saboda shi gaba ɗayan gwanintarsa ita ce ya yi abin da ko gwani mai madubin ƙara girma ba zai gane ba. Wane sakaci za a ɗora wa mai saye a nan?

Bugu da ƙari, ba kullum ne ma sinadarin yake zama ɗaya ba. An sha ganin sulen da aka rina da hannu ya ci gaba da cin kansa bayan an rufe shi a gidan roba, shuɗin da aka saya da tsada ya koma toka-toka ko baƙi bayan 'yan shekaru. Mafi muni, sau da yawa ba don ado kaɗai ake rinin ba. Sulen da aka taɓa gogewa yana da 'yan ƙananan zane-zane da ke kashe darajarsa, sai a lulluɓe su da launi. A nan laifi ya zama biyu, ɓoye aibi da ƙirƙirar siffar da babu.

Ma'aunin da ya fi sauƙi yana cikin littafin da yawancinmu muka karanta a zaure, watau Risala ta Ibn Abi Zaid. A babin ciniki, bayan ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi, ya nuna cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba wanda in da ya faɗa mai saye zai ƙyamace ta, ko faɗarsa za ta rage mata kuɗi. To, sai mu tambayi maigidan shago. Idan rinin hannu da rinin shekaru abu ɗaya ne, me ya hana ka rubuta a ƙarƙashin hoton cewa an rina wannan jiya a bayan shago? Amsar a fili take. Ya san da zarar ya rubuta, wanda zai biya ninki goma ba zai biya ko kuɗin farar ba. Shirunsa shi ne hajar da yake sayarwa.

Domin a ga cewa hukunci yana bin abin da mai saye ya fahimta ne, a dubi liyari, dalar nan ta Mariya Teresa ta ƙasar Ostiriya wadda kakanninmu suka sani, wadda matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canjin dala irinta da wuri 2,500 a Kano a 1851. Duk liyarin da aka buga bayan mutuwar sarauniyar yana ɗauke da shekarar 1780, ko an buga shi bayan shekara ɗari, ko bayan ɗari biyu. A zahiri wannan rubutu ne wanda ba gaskiya ba. Amma ba wanda ya ce algus ne, domin fatake sun san haka, kuma nauyin azurfar suke saye. Sai fa idan wani ya sami baƙon da bai sani ba, ya nuna masa shekarar ya yi shiru, ya karɓi kuɗin abin tarihi. A nan liyarin bai canza ba, amma cinikin ya ɓaci.

IDAN KAMFANI YA WUCE DA SHI FA?

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare. Mutum zai aika sulen da ya rina, in an ƙi shi ya fasa gidan robar ya sake aikawa, har Allah Ya sa ya faɗa hannun wanda zai ba shi maki. Daga ranar sai ya ce ai masana sun wanke shi. Su kansu kamfanonin, da yake ba koyaushe za su iya tabbatar da asalin launi ba, sukan tsaya ne ga tambayar ko kasuwa za ta karɓe shi. Wannan ƙoƙarinsu ke nan kuma ba a zarge su ba. Amma shi wanda ya yi rinin ya san abin da su ba su sani ba. A hadisin Ummu Salama (R.A.) wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Idan hukuncin alƙali bai halatta wa mai ƙarya abin da ba nasa ba, ina ga takardar kamfani?

Har ila yau akwai wurin da ni ma nake ganin maganar tana buƙatar sassauci. Tun shekarun 1930 masu tarawa suke ajiye sulalla cikin littattafan kwali masu ramuka, kuma kwalin yakan ba su launi zagaye daga gefe zuwa ciki. Kasuwa ta karɓi wannan a matsayin rinin shekaru. To, idan wani ya san haka, ya sami tsohon kwali ya sa dalarsa ciki da gangan ya jira shekara goma, me za a ce? Ga niyya, amma kuma ga shekarun na gaskiya. Abin da na fi karkata gare shi shi ne babu laifi, domin abin da mai saye yake zato, watau launin da ya taru a hankali ta hanyar ajiya, shi ne ya auku. Sharaɗi dai kada ya ce daga buhun Baitulmali ta fito, kuma in an tambaye shi ya faɗi yadda aka yi. Haka nan wanke sule sau ɗaya da ruwan sinadari, wanda 'yan wannan kasuwa suka saba da shi kuma masu saye suka san ana yi, al'ada tana da wurin zama a shari'a. Amma kowace tsomawa tana cin wani abu daga fuskar ƙarfen, kuma wanda ya tsoma har ƙyalli ya mutu sannan ya rina don ya ɓoye, ya fita daga al'ada ya shiga algus. Kasancewar akwai wurare masu duhu a tsakiya ba ya nufin akwatin bayan shago yana cikinsu.

Wani zai ce, to idan na rina na kuma faɗa fa? Asali mutum yana da ikon yin abin da ya so da dukiyarsa, kuma ciniki da bayani halal ne. Sai dai sule ba tumatir ba ne da za a cinye a wuce wurin. Yana rayuwa bayan mai shi, yana bin hannaye, bayanin kuwa yakan tsaya a hannun farko. Imamu Gazali a cikin Ihya, inda yake magana a kan jabun kuɗi, ya nuna cewa zunubin wanda ya fara sakin jabun dirhami yana bin sa muddin dirhamin yana yawo, ya kuma hana a miƙa shi, ko da da bayani, ga wanda aka san zai cuci wani da shi. Amurka ma ta gane wannan a wani fannin, domin dokarta ta 1973 ta wajabta a buga alama a jikin duk sulen kwaikwayo, alamar da za ta bi shi duk inda ya je. Rinin hannu ba shi da irin wannan alama. Saboda haka wanda ya sayar wa dillalin da ya san halinsa, bayaninsa bai kuɓutar da shi ba.

Ba zan wuce ba tare da na ce wani abu ga masu saye ba. Tara tsofaffin sulalla ba haram ba ne, kuma yana da amfani ga tarihi. Da irin wannan adana ne muka san siffar dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, lokacin da ya daina sa hoto a jikin kuɗi, bayan Musulmi sun daɗe suna ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa. Amma zuba dukiya mai yawa a kan fatar da ba ta kai kaurin gashi ba, mutum ya tambayi kansa ko bai shiga almubazzaranci ba. Kuma Musulmin da ya shiga wannan harka ya tuna azurfa tana nan azurfa. Sayenta da kuɗin takarda yana buƙatar hannu da hannu bisa matsayar majalisun fiƙihu na wannan zamani, sannan dalar Morgan 25 kacal ta haura giram 595 na tsantsar azurfa, watau nisabin zakka.

ABIN BAI YI MANA NISA BA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon Turawa ne kawai. Wani mai bincike, Christopher Steiner, ya wallafa littafi a 1994 a kan cinikin kayan gargajiya a Abijan ta ƙasar Kodebuwa, kasuwar da Hausawa suke cikin manyan dillalanta, ya kuma bayyana yadda ake tsufar da sabon sassaƙe da hayaƙi da ƙura da shafe-shafe don baƙo ya biya kuɗin tsoho. Hukuncin sayar da su kansu gumakan wata magana ce ta daban. Ga kuma mai nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Shi ma launin nuna yake sayarwa ba tare da kwanakin nuna ba, har ya ƙara da cutar da lafiya. Yanzu kuma da intanet ta haɗa kasuwanni, tsofaffin sule da sisi da taro na azurfa waɗanda aka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 suna fitowa daga adakar tsofaffi zuwa hannun matasa masu sayar wa 'yan ƙasashen waje, kuma duk dabarar da aka ƙirƙira a can cikin 'yan kwanaki take isowa nan.

Amma kai ɗan'uwa mai tambaya, abin da nake gani shi ne aikinka kashi biyu ne. Jera kaya da ɗaukar hoton sulallan da ba a taɓa ba da aika su, wannan halal ne, kuma albashinsa halal ne, ko da maigidan ba Musulmi ba ne. Akwatin kuwa ka janye hannunka daga gare shi, haka nan ɗaukar hoto da rubuta tallar abin da ya fito daga cikinsa, domin hoton shi ne saman tsibin abincin. Kasancewar masu sayen ba Musulmi ba ne bai canza komai ba, algus haram ne ga kowa. Ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ka gaya masa abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba, ka ba shi shawarar ya riƙa rubuta gaskiyar launin, domin akwai masu sayen irin waɗannan don ado da saninsu, a farashinsu. Ka kuma tuna masa cewa dillalin da aka kama da wannan a can yana iya rasa matsayinsa a ƙungiyar dillalai da damar aika kaya wurin tantancewa. Mai yiwuwa ya karɓa, mai yiwuwa ya sallame ka, don haka ka fara neman wani aikin tun kafin ku zauna.

Waɗanda suka riga suka bi ta hannunka kuwa, ka rubuta shekarunsu da lambobinsu da ranar da aka aika kowanne gwargwadon abin da ka iya tunawa, ka ba shi, ka gaya masa masu su suna da haƙƙin a sanar da su, su mayar su karɓi kuɗinsu in sun so. Waɗanda suke shago har yanzu a ware su a aljihun tebur na daban, kada su koma cikin farare.